"AKTA BA YA MUTUWA": JAWABI GA MATASAN JAMA'A KAN FINA-FINAN GARKUWA DA MUTANE

'Yan'uwa matasa na Jama'a, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Garin Zariya, tare da waɗanda suka zo daga Samaru, Hayin Dogo, Zangon Shanu da Palladan, sun yi zamansu na ƙara wa juna sani bayan sallar La'asar. Malamin da aka gayyato ya yi jawabi ne a kan fina-finan nan na harbe-harbe waɗanda a cikinsu 'yan ta'adda kan yi garkuwa da mutane, sannan mutum ɗaya tilo ya zo ya ƙwace su. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya ce ya san wasu za su ce me ya haɗa zama irin wannan da maganar fim. To amma, in ji shi, babu wanda ke zaune a wurin da bai san Rambo ko Kwamando ba. Iyaye sun gan su a gidajen sinima na Sabon Gari, yayye sun biya kuɗi sun zauna a benci a gidan bidiyo ana sa kaset, ga shi yanzu ƙanne suna zuwa shago a tura masu a waya, wani ma an fassara shi da Hausa. Duk abin da yaro ya shekara goma yana kallo, wannan abin malaminsa ne, ko iyayensa sun yarda ko ba su yarda ba.

Ya ce a da can in an ce an yi garkuwa da mutane, a fim ake gani ko a ji a rediyo ana ba da labarin wata ƙasa mai nisa. Yanzu kuwa abin ya shigo gida. Ya tunatar da 'yan'uwa daren 10 ga Yunin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai da malamai. Tunda haka ne, wajibi ne a zauna a auna karatun da fim ya koyar, a ga ko zai yi amfani ranar da abin ya faɗo wa maƙwabci.

YADDA AKE ƊINKA LABARIN

Malam ya ce duk waɗannan fina-finai ɗinki ɗaya ne, yadin ne kawai ake sauyawa. Ya ba da misali da Die Hard na 1988, wanda Burus Wilis ya fito a matsayin wani ɗan sandan Niyok da ya je Los Anjalas wajen matarsa a jajiberin Kirsimeti. Wasu 'yan bindiga suka kama wani dogon bene, suka tsare mutane kamar 30, shi kuwa ya suɓuce ba ko takalmi a ƙafarsa, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya har ya gama da su. Da fim ɗin ya yi kasuwa sai aka yi ta maimaita shi: a jirgin ruwan yaƙi a Under Siege na 1992, a motar bas a Speed na 1994, a jirgin shugaban Amurka a Air Force One na 1997.

A mafi yawansu, in ji Malam, sai ka ga an nuna hukuma a matsayin sakarkaru, masu son a yi magana da 'yan bindigar kuma an nuna su matsorata, waɗanda aka tsare ɗin kuwa ba su da aiki sai kuka da rawar jiki. Kana gama kallo ba za ka iya tuna sunan ko mutum biyu daga cikinsu ba. An ajiye su ne don a sami dalilin da akta zai yi harbi.

Nan Malam ya tambayi 'yan'uwa me yara kan faɗa a gidan kallo in an rutsa jarumin. Aka amsa baki ɗaya da cewa, "Akta ba ya mutuwa!" Ya ce to wannan magana gaskiya ce, amma a san dalili. Ba maganin bindiga ya sha ba, marubucin labarin ne ya ɗaure masa gindi. Harsashin da ake harbawa na wasa ne, in za a yi tsalle daga bene akwai wanda ake biya ya yi a madadinsa, in aka yi kuskure sai a tsaya a sake ɗauka. Mutumin da ke ɗaure a dajin Birnin Gwari ba wanda zai tsaya a sake masa ɗauka.

ABIN DA YA FARU A BAIRUT DA ABIN DA FIM YA NUNA

Daga nan sai Malam ya ɗauko The Delta Force na 1986, fim ɗin Cak Noris, ya ce wannan shi ne ya fi dacewa a yi nazari a kansa domin an gina shi ne a kan waƙi'ar da ta faru da gaske. Ranar 14 ga Yunin 1985 wasu 'yan Labanon suka fashe jirgin saman kamfanin TWA na Amurka da ya taso daga Atens zai je Roma. Suka yi ta kai-komo da shi tsakanin Bairut da Aljiyas, suka kashe wani sojan ruwan Amurka da ke cikin fasinjoji, suna neman Isra'ila ta saki 'yan Labanon sama da 700 da take tsare da su.

Ya ce a cikin fim, Cak Noris ne ya isa Bairut a kan babur mai harba roka, ya ragargaza gari, ya kwaso mutane. A zahiri kuwa ba sojan Amurka ko ɗaya da ya yi harbi. Kwana 17 aka yi ana magana, Nabih Berri shugaban ƙungiyar Amal ya shiga tsakani, Siriya ma ta sa baki, har ranar 30 ga Yuni aka saki ragowar mutum 39 da ransu. Bayan haka Isra'ila ta riƙa sakin fursunonin rukuni-rukuni. Wanda ya shirya fim ɗin, Menahem Golan, ɗan Isra'ila ne, a can kuma aka ɗauki fim ɗin, tun shekara guda ba ta cika ba bayan waƙi'ar. Wato an ɗauki abin da tattaunawa ta warware, aka sake rubuta shi yadda babur da roka ne suka warware.

Daɗin daɗawa, in ji Malam, fim ɗin da kansa ya buɗe ne da wata kunya da aka ji. A watan Afrilun 1980 Amurka ta aika da zaratan sojojinta su ƙwato ma'aikatan ofishin jakadancinta da aka tsare a Tehran. Ba su ko isa birnin ba, a hamadar Tabas jirgi mai saukar ungulu ya yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji 8 suka mutu, aka janye. Mutum 52 ɗin nan sai da suka cika kwana 444, ranar 20 ga Janairun 1981 aka sake su ta hanyar sulhun da Aljeriya ta jagoranta. Abin da ya gagara a hamada shi ne aka je aka rama a gaban kyamara.

WA AKE BA RIGAR BOS?

Da ya juya kan wanda yara ke kira bos, Malam ya ce a yi adalci, ba kowane fim ne ya sa Musulmi a wannan gurbi ba. A Die Hard shugaban 'yan bindigar Bajamushe ne, kuma ɓarayi ne da suka zo satar takardun kuɗi na dala miliyan 640 suka fake da sunan siyasa. Abin lura shi ne rigar bos tana bin siyasar zamanin da aka yi fim ɗin. A Rambo III na 1988, lokacin da Amurka ke mara wa mujahidan Afganistan baya a kan Tarayyar Sobiyet, masu rawani da gemu su ne abokan akta, Barashe ne mugu. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991. Zuwa 1994, a True Lies, ga masu gemun nan an mayar da su masu neman tarwatsa biranen Amurka da makamin nukiliya, kuma rundunar sojan Amurka ce ta ba da hayar jiragen yaƙin da aka yi fim ɗin da su. A The Siege na 1998 har an nuna mutum yana wanke gaɓoɓinsa irin na alwala kafin ya je tayar da bam.

Ya ce kada a ɗauka ƙorafin Musulmi ne kawai. Wani malamin jami'a a Amurka, Kirista ɗan asalin Labanon mai suna Jak Shahin, ya bi fina-finai sama da 900 da Larabawa suka fito a ciki, ya wallafa sakamakon a littafinsa Reel Bad Arabs a 2001. Abin da ya samu shi ne kamar goma sha biyu ne kawai suka nuna Balarabe a matsayin mutumin kirki.

Illar wannan, in ji Malam, ta bayyana ranar 19 ga Afrilun 1995, da bam ya tashi a ginin gwamnati a birnin Okalahoma ya kashe mutum 168. Tun kafin a yi bincike kafofin watsa labarai suka fara nuna Gabas ta Tsakiya da yatsa. Ashe Timoti Makbe ne, farar fata, tsohon sojan Amurka. Idon da ya saba ganin mugu da wata kama, in abu ya faru wannan kamar zai fara nema.

SAMARI HUƊU A FILIN JIRGIN YAMAI

Malam ya ce akwai wani tarko kuma da ya fi shafar matasa masu jini a jika, shi ne mutum ya ga an yi zalunci sai ya ce shi ne zai gyara duniya shi kaɗai da hannunsa. Ya kawo abin da ya faru ranar 25 ga Oktoban 1993, bayan gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen 12 ga Yuni aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Shonekan. Wasu samari huɗu, wasunsu ba su kai shekara 20 ba, suka fashe jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zai je Abuja, suka karkatar da shi ya sauka a Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Suka ce a miƙa mulki ga Abiola, in ba haka ba za su cinna wa jirgin wuta.

Ya ce ba wanda zai ce soke zaɓen adalci ne. To amma me ya biyo baya? Sun saki mafi yawan fasinjojin, bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka auka wa jirgin da dare, mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ya rasa ransa, wanda ba shi ya soke zaɓe ba. Samarin suka shafe sama da shekara tara a kurkukun Nijar. Ba a ba Abiola mulki ba, wata guda bai cika ba ma Janar Abaca ya karɓe ƙasar ranar 17 ga Nuwamba. A 2024 an mayar da labarin fim mai suna Hijack '93. Malam ya ce duk wanda ya kalle shi ya tuna cewa abin da bai kai awa biyu ba aka nuna masa, shekara taran nan ta kurkuku ba ta shiga kaset.

Ya ja kunnen 'yan'uwa da cewa tsare wanda bai ji ba bai gani ba don a matsa wa wani lamba zalunci ne, kowane suna aka sa masa, ko dimokuraɗiyya ko jihadi. Musulunci bai yarda a kama wani da laifin wani ba.

YADDA WAƊANDA AKA KAMA KE DAWOWA GIDA

Ya ce ba yana nufin ba a taɓa ƙwato mutane da ƙarfi ba. An yi a Entebbe ta Yuganda a Yulin 1976, amma sojojin Isra'ila kamar 100 ne suka je a manyan jirage bayan an yi kwanaki ana tattara bayanai, kuma duk da haka mutum uku cikin waɗanda aka je ceto sun mutu a wurin, kwamandan ya mutu, sojojin Yuganda da dama sun mutu. An yi a Oktoban 2020, da aka sace wani Ba'amurke a Masallata kusa da Birnin Ƙonni aka tsallako da shi Nijeriya. Mako bai cika ba Amurka ta turo runduna ta musamman da jirage saboda mutum ɗaya. A duka biyun ba ka ga mutum ɗaya ba takalmi, ƙasa ce guda ta tashi.

Sannan ya ce a dubi inda abin ya ƙi. Ranar 8 ga Maris ɗin 2012 sojojin Ingila na musamman da na Nijeriya suka kai samame wani gida a Mabera cikin Sakkwato don ƙwato wasu injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, waɗanda aka sace a Birnin Kebbi tun Mayun 2011. Kafin a kai gare su masu tsaron sun harbe su. Wannan ƙwararru ke nan masu kayan aiki.

Namu talakawa kuwa, in ji Malam, kowa ya ga yadda suke dawowa. Ranar 28 ga Maris ɗin 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da sama da 60. Kaɗan-kaɗan aka riƙa sakinsu ta hanyar masu shiga tsakani, mutum 23 na ƙarshe sai ranar 5 ga Oktoba suka fito, fiye da wata shida ke nan. Yaran Islamiyyar Tegina a Jihar Neja, waɗanda aka kwashe ranar 30 ga Mayun 2021, sun yi kusan wata uku a daji, iyaye suna ta sayar da abin da suka mallaka, wasu yaran ba su dawo ba. Ya ce wannan abin kunya ne ga duk mai riƙe da amanar tsaron jama'a, kuma kuɗin fansa shi ke sayo bindigar da za a kama na gaba da ita, amma wa zai iya duban idon uba ya ce masa ya haƙura da ɗansa? Wannan kukan ne fim ba ya nunawa, domin ba ya sayuwa.

IN MUKA ZAMA AKTA

Nan Malam ya ɗaga murya ya ce 'yan'uwa su saurara da kyau, domin nan ne maganar ta dawo kansu. Ƙarya biyun da fim ya koyar, wato cewa mai ƙarfi shi ke yanke hukunci nan take, da cewa ana gane mugu da kamarsa, in suka haɗu a kan mutanen da tsoro ya kama, jini ake zubarwa. A ƙarshen watan Maris na 2025 a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida Kano yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ga kamarsu, aka ce masu garkuwa ne. Mutum 16 aka kashe. Waɗanda suka aikata, a ransu su ne jarumai.

Ya ce mun yi kuka da wannan, kuma ya cancanci kuka. To mu fa? In aka ga Bafillace da sanda ya shigo kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari, mene ne ke fara zuwa bakin yaranmu? A Zamfara kowa ya san yadda kashe-kashen da wasu 'yan sa-kai suka yi wa Fulani ba tare da shari'a ba ya ƙara wa wutar fetur. Wanda ya ji zafi da Holiwud ta sa wa Musulmi rigar bos, bai kamata shi kuma ya ɗinka wa wata ƙabila irinta ba.

AIKIN DA KE KAN MATASA

Malam ya ce 'yanto wanda ke tsare babban aiki ne a addini. Suratul Balad ta lissafa 'yanta wuya cikin manyan ayyukan da ake so mumini ya kutsa, Suratut Tauba ta sa shi cikin wuraren da ake kai zakka, Suratul Insan kuma ta yabi masu ciyar da wanda ke tsare. Aiki ne na jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya ce in aka ɗauke mai gida a unguwa, iyalinsa suna bukatar abinci, yaransa suna bukatar mai kai su makaranta, gonarsa tana bukatar noma, kuma wannan duk ƙarfin matasa ne. Ya ce a kama baki da yatsa: kada a riƙa watsa hoton wanda aka kama da bayanin dukiyar danginsa a WhatsApp da Facebook, domin su ma masu garkuwar suna da waya, abin da aka rubuta da shi suke yanka farashi. Ya ce a sa ido a kan juna, domin ɗan bindigar da ke daji bai san gidan kowa ba sai infoma ya nuna masa, infoma kuwa yawanci yaron unguwa ne da zaman banza da ƙwaya suka cinye. Wanda ya jawo irin wannan yaron ya koya masa sana'a ya hana garkuwar tun ba a yi ta ba. In an yi zargin wani, a kai ga mai unguwa da hukuma da hujja, kada a taru a kansa. Masu sintiri su tsaya ƙarƙashin dattawa da doka.

Sannan ya ce fim yana ƙarewa ne da runguma a bakin mota, alhali a nan ne wahalar take farawa. Wanda ya dawo daga daji yakan dawo da ciwo, da bashi, da firgita cikin dare. Mata kuwa har da tsegumin mutane. Ya ce wanda ya kai irin waɗannan asibiti, ya zauna da su, ya hana a yi da su a majalisa, ya yi aikin ceto ko da ba wanda zai tafa masa.

Da aka ba da damar tambaya, wani ɗan'uwa ya ce, "Allah gafarta Malam, to yanzu mu daina kallo ke nan?" Malam ya ce abin da ke ɗauke da tsiraici ko yake sa a bar salla hukuncinsa sananne ne. Sauran kuwa, duk wanda zai kalla ya kalla da hankalinsa a jikinsa, ya tambayi kansa wa ya biya kuɗin fim ɗin, a wace shekara aka yi shi, wa ƙasarsu ke faɗa da shi a lokacin. Ya kuma ƙirga gawarwakin da kyamara ta wuce ba ta tsaya a kansu ba, ya tuna kowace tana da uwa. Ya ce yayye su zauna da ƙannensu su yi masu wannan bayani, domin hani kawai ba ya hana yaron da waya ke aljihunsa.

Daga ƙarshe aka yi addu'a Allah ya kuɓutar da duk waɗanda ke hannun azzalumai a dazuzzuka, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri, ya shiryar da matasan Musulmi. Aka tashi gab da kiran sallar Magariba.